Yadda Alherin Maƙwabta Ya Kusa Kashe Dashen Iliya

Da sunan Allah nake farawa, wanda Yake saukar da ruwa bisa gwargwado, Yake fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa, Ya kuma sanya wa kowane abu ma'auninsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, malamanmu sun karantar da mu cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko da addini bai haɗa ku ba, kuma ambatonsa da alheri yana daga cikin wannan haƙƙi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami domin in faɗi wani abu game da Iliya, mutumin ƙasar Dogon Dutsi, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a unguwar Talladje ta birnin Yamai, tun unguwar tana gonakin gero da ƴan bukkoki. Shi Kirista ne, ni kuwa mai karantar da fiƙihu da nahawu ne a zauren gidana. Ban taɓa jin ya ɗaga rediyo ba lokacin da muke karatu, shi ma bai taɓa kawo ƙarar awakina ba, ko da yake sun ba shi dalili.

Iliya Ba'are ne, gajere, mai saurin tafiya, ba ya rabo da taguwar kaki. Mahaifinsa maharbi ne a wani ƙauye kudu da Dutsi, kuma masanin saiwa da sassaƙe. Tun Iliya yana yaro ya shiga hannun ƴan mishan, suka koya masa karatu da wanke gyambo da ɗaure rauni, daga nan ya zo Yamai ya yi aiki a wani ƙaramin gidan likita har ƙarfinsa ya fara ja baya, ya ajiye. Sai dai duk da farar rigar aiki, bai yar da abin da ya gada ba. A ɗakinsa akwai wata jakar fata cike da saiwar itacen da ake kira sanya, wasu kuma su ce uwar magunguna. Da ita yake taimakon masu ciwon kai da ciwon gaɓɓai. Ba ni da ilimin da zan yanke hukunci a kan amfaninta. Abin da na sani shi ne mutane suna zuwa da ɗingishi, su dawo da godiya.

To, a wurin godiyar nan ne wahala take. Mahaifinsa ya bar masa wasiyya cewa abin da ya haƙo daga ƙasar Allah kada ya karɓi ko tsagin goro a kansa, Iliya kuwa ya riƙe wannan magana da hannu biyu. In ka kai masa zakara, kafin ka isa gida zakaran ya riga ka. Wata shekara da gwiwata ta matsa mini, ya ba ni saiwar, na sami sauƙi, na aika masa da ɗan tulun zuma. Tulun ya dawo a ranar, tare da ƙwai cikin ƙwarya da saƙon a gaida Malam. Matarsa Marta, ƴar ƙasar Maradi mai kiwon kaji da sayar da kayan miya a kasuwar Wadata, takan ce ta auri mutumin da ya fi kowa masu godiya, ya kuma fi kowa rashin cin nama.

Wanda ya san mutanenmu ya san cewa alherin da aka hana mutum ramawa yakan zame masa ƙaya a tafin ƙafa. Iliya bai lura ba cewa ya cika Yamai da masu wannan ƙaya.

Sai shekarar 1984 ta zo, sama ta riƙe ruwanta, shekara goma bayan wancan farin da ya gabaci hawan sojoji. Mutanen karkara suka kwararo birni. Iliya ya ga jakarsa ta kusa ƙarewa, ya hau mota ya tafi gida domin ya haƙo saiwa a inda mahaifinsa yake haƙa. Da ya isa fadamar bai tarar da itace ba, sai ramuka. Fari ya kashe wasu, sauran kuma masu jin yunwa sun tumɓuke su har gindi sun kai kasuwa. Ya ce mini ya tsaya bakin ramukan ya kasa zargin kowa. Yayarsa Kande ce ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan gora, cikinsa akwai ƴaƴan itacen masu fiffike kamar na fara, waɗanda ta tsinta a shekarar da ta wuce. Ba su cika tafin hannu biyu ba. Ta ce masa iyakarsu ke nan, in sun mutu a hannunsa, maganin ubansu ya ƙare.

Ya dawo Yamai da goran a ƙirji, da rabin buhun rairayin fadamar a bayan mota. Direba ya tambaye shi ko an daina samun ƙasa a babban birni.

A wannan lokaci ne gwamnatin soji ta ba da umurnin noman rani. Umurnin soja kuwa a zamanin nan ba a tambayarsa dalili. Kowa ya nemi garka. Manyan ma'aikata da ba su taɓa riƙe hauya ba suka koma suna gardama a kan salati da kabeji, kuma aka rarraba takin zamani cikin buhuna, wani fari kamar sukari, wani mai ruwan toka kamar tsakuwa. Iliya ya sami ɗan fili a Gudel, bakin kogi, cikin garkar wani Bazabarme mai suna Idrisa, wanda yake haɗa kamun kifi da noman lambu. Idrisa ya taɓa kwanciya wata guda da ciwon baya, Iliya ya tashe shi, kuma kifin da ya aika na godiya ya dawo masa soyayye.

A gefen filin Iliya akwai na Lawali, mai buga tafireta a wani biro, wato ofishi, na gwamnati, Babarbare daga Damagaram, dogo, mai babbar murya. Tsakanin Arawa da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, saboda haka ba su taɓa gaisawa da lafiya ba.

"Bawana, ka kwana?" in ji Lawali kowace safiya.

"Na kwana. Yau ma ka zo ka shayar da ciyawa ka tuge albasa?"

"Albasar ce ta yi kama da ciyawa. Laifin mai iri ne."

Shi ma Lawali yana cikin masu ƙaya a ƙafa, domin ciwon kan da ƙarar tafireta take sa masa Iliya ne yake lallaɓa shi.

Iliya ya tara gwangwanayen madarar taimako da aka zubar, ya huda gindinsu, ya cika su da rairayin gida, ya binne ƴaƴan sanya ɗaya bayan ɗaya, ya jera su ƙarƙashin wata ƴar rumfar zana. Wannan iri mai taurin kai ne. Fiye da rabi suka ƙi fitowa. Waɗanda suka fito kuwa suka tsaya da ƴan ganyayensu ƙanana, ba su gaba, ba su baya. Mahaifinsa bai taɓa shuka sanya ba, haƙa kawai yake yi, saboda haka Iliya bai san abin da take so ba. Ya yanke shawara a ransa cewa abin da ya tashi a daji ba wanda ya ciyar da shi, ruwa kaɗai zai ba shi. Sai dai bai gaya wa kowa wannan shawara ba, kuma rabonsa na takin gwamnati ya zuba shi duka a tumatirin Marta.

A nan ne Lawali ya yi tunani. Ya dubi kabejinsa da ya sha farin taki ya kumbura kamar rawanin alƙali, ya dubi dashen Iliya da ke tsaye kamar allurai, ya ce a ransa talakan nan ya hana kansa ne domin matarsa. Ya kuma gano wata hikima, cewa kyautar da aka zuba a ƙasa ba ta dawowa. Ranar Lahadi da safe Iliya yana majami'a. Lawali ya zo da farin taki a aljihu, ya barbaɗa wa kowane gwangwani abin da yatsu uku suka ɗauka, ya rufe da rairayi, ya tafi yana jin sanyi a ransa.

Idrisa ma ya yi wannan tunani, shi kaɗai, bai san da na Lawali ba. Nasa mai ruwan toka ne, kuma hannun masunci bai san yatsu uku ba. Shi ma ranar Lahadi ya zaɓa, bayan rana ta ɗan ɗaga.

Malamai sun yabi sadakar ɓoye, sun fifita ta a kan ta bayyane a wurare da yawa. Amma iyakar karatuna ban ga inda suka yi magana a kan takin zamani ba.

Da fari abin ya yi kyau. Dashen ya yi kore shar, ya miƙe, ya fitar da sababbin ganye masu faɗi. Iliya ya zo zaurena da yamma yana murmushi.

"Malam, addu'ar Marta ta ci. Ko kuwa taka ce?"

Na ce, "Ni dai na roƙa wa kowa ruwa. Ban ware gwangwani ba."

Amma ya ce akwai abin da bai gane ba. Karan ya yi tsawo amma ya yi laushi, iska kaɗan ta kwantar da shi, kuma ƙwari da ba su kula shi da ba yanzu sun mai da shi gidan biki. Ba a jima ba bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an gifta masa garwashi. Na ƙasa suka yi rawaya suka zube. Wata safiya ya tarar da layi guda ya langaɓe, alhali rairayin da danshi. Ya zare ɗaya ya duba, saiwar ta yi baƙi, ba ta fi zaren ɗinki ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne tausayi. Da Lawali ya ga dashen yana ramewa, sai ya ce yunwa ce, ya ƙara yatsa na huɗu. Da Idrisa ya ga haka, ya ce abin da ya zuba bai isa ba, ya koma zuwa da ɗan koko. Gwangwanayen da babu komai cikinsu suka fara yawa a gefen rumfa, Iliya yana kifa su ɗaya bayan ɗaya.

Ya yi duk abin da ya sani. Ya ƙara inuwa, ya rage inuwa. Ya daina ɗebo ruwa a bakin gaɓa, ya koma shiga har gwiwa. Ya kewaye rumfar da ƙayar magarya domin yana zargin awaki, Lawali da Idrisa kuwa su ne suka taya shi saran ƙayar, suka kuma bar wa kansu ƴar kafa ta baya, kowa yana zaton shi kaɗai ya lura da ita. Idrisa ya kawo shawarar a yanka wa mutanen ruwa farin zakara, Iliya ya ce shi da Malam duka ba za su yarda ba. Ya daina cin abinci sosai. Ta bayan katanga nakan ji Marta tana cewa, "Baban Na'omi, itace ne fa, ba ɗa ba." Shi kuma ya ce, "Ɗa in ya mutu ana haihuwar wani. Wannan ina zan samo?"

Wata Lahadi da hantsi na ji sallama a zaure. Iliya ne, ba da rigar majami'a ba.

"Lafiya, maƙwabci? Yau ba Lahadi ba ce?"

"Ita ce, Malam. Na kasa zama. In na rufe ido a yi addu'a gwangwani nake gani. Ka raka ni Gudel ka duba mini da idonka, ko ni ne hankalina ya taɓu."

Na ce masa ilimina a kan tsiro bai wuce na sunayensu da Larabci ba, amma rakiya haƙƙi ce. Muka shiga taksi har inda kwalta ta ƙare, muka taka sauran. Kogin ya janye ƙwarai, tsibiran rairayi sun fito, jiragen masunta suna kwance a kan tabo busasshe. Gwiwata ta gaji, sai muka zauna gindin wani mangwaro da ke bayan shingen garkar domin in huta. Daga nan ana hango rumfar, amma mai rumfar ba ya hango mu.

Ba mu daɗe ba sai ga Lawali cikin babbar riga, yana waige-waige kamar mai bin bashi ya biyo shi. Ya tattare rigar, ya rusuna, ya bi ta kafar ƙaya. Ya tsuguna gaban gwangwanayen, ya sa hannu a aljihu, muka ji yana cewa, "Bismillahi. Ku ci, ku ci, ubangidanku marowaci ne."

Iliya ya yunƙura, na riƙe masa hannu, domin na hango wani yana tahowa ta wajen kogi. Idrisa ne, da koko a ƙarƙashin taguwa. Shi ma ya bi ta kafar. Suka yi kiciɓis a cikin rumfa, kowa ya ɓoye hannu a baya.

"Fofo, Mushe Lawali," in ji Idrisa, gaisuwa da Zabarmanci, girmamawa da Faransanci. "Yau da wuri."

"Na zo duba ƙayar nan ne, ko tana nan lafiya. Kai fa?"

"Ni ma ƙayar."

Suka tsaya suna yaba ƙaya, wannan ya ce ta yi tsini, wancan ya ce magaryar bana ta fi ta bara. Ana cikin haka kokon Idrisa ya suɓuce, taki ya watse a ƙafar Lawali. Lawali ya dube shi, ya dubi Idrisa, sannan ya fito da nasa hannun ya buɗe.

"Ashe mu biyu ne."

"Ashe."

A nan Iliya ya ƙwace hannunsa. Ban taɓa ganin ya yi tafiya a hankali ba sai ran nan. Ya shiga ta ƙofar gaba, ya tsuguna, ya tona gwangwani ɗaya da yatsa. Ƙarƙashin rairayin sama ga ƙwayoyin taki nan, fari da mai toka, wasu sun narke sun bar gishiri-gishiri a jikin ƙarfen. Ya tona na biyu, ya tona na uku.

"Tun yaushe?" ya tambaya, bai ɗaga kai ba.

Lawali ya ce, "Tun suna ganye bibbiyu." Muryarsa ta koma ta yaro.

"Mi na yi maku?"

"Abin da ka yi mana ke nan ya jawo," in ji Lawali. "Ka warkar da mutum, ya kawo maka goro, ka mayar. Ya kawo zakara, ka mayar. To ina za mu kai godiyar? Mu haɗiye ta? Mun ga ƴaƴanka suna jin yunwa, muka ciyar da su."

"Ba yunwa suke ji ba, Babarbare. Ɗan daji ne. Kun ɗauki jariri kun ɗura masa tuwo da yaji, da ya yi kuka kun ƙara masa."

Idrisa ya ce, "Kala suru, Iliya, sai haƙuri. Amma in za a yi shari'a a kira kowa. Ni ban zuba kashin kaji ba."

Iliya ya ɗaga kai. "Wane kashin kaji?"

"Ka tona can ƙasa ka gani. Ɗanye ma kuwa. Madam Marta ce take kawo shi a leda, ranar Juma'a da azahar, in ka tafi kai wa masu ciwo magani, mu kuma duk mun tafi masallaci. Na gan ta ba sau ɗaya ba."

Na isa wurin a lokacin, ina dogara sanda. Na ce, "Malam Idrisa, in kowa ya tafi masallaci, kai daga ina ka gan ta?"

Ya sosa ƙeya, ya ce kifi ba ya sanin Juma'a, kuma wannan wata shari'a ce dabam. Na ce masa lallai dabam ce, za mu zauna a kanta.

Lawali ne ya fara dariya, ya yi ƙoƙarin danne ta ta ƙi. Iliya bai yi ba. Ya zauna a ƙasa tsakanin gwangwanayen, ya dube su. Waɗanda suka rage da rai ƴan kaɗan ne, kuma ko su ganyensu ya ƙone rabi. Mutum yana iya yi wa maƙiyi faɗa ya huce. Amma mutum uku da suka so shi, ɗaya daga ciki matarsa, bai san inda zai ajiye fushin ba.

Daga bisani ya ce, "Malam, a littattafanku mi ake yi wa wanda ya ɓata abu da kyakkyawar niyya?"

Na ce, "Zunubi ba ya hawansa, amma gyara yana kansa."

"To su ɗauko bokiti."

Ranar nan da ranakun da suka biyo an yi aiki. Sauran rairayin gida da ke buhu Iliya ya fito da shi. Ya riƙa zare kowane dashe a hankali, ya wanke saiwar cikin ƙwarya, ya yanke abin da ya ruɓe da reza kamar yadda yake yi wa gyambo, ya mai da shi sabon rairayi. Waɗanda suka yi rauni da yawa bai taɓa su ba, sai ya sa aka riƙa kwarara musu ruwa har ya fita ta gindi ya tafi da gishirin. Ruwan kuwa ya yi nisa, domin kogin yana ta janyewa, har sai da aka koma tonon rami a tsakiyarsa. Lawali ya tuɓe babbar riga yana jigila, Iliya yana zaune yana ba da umurni.

"Yi sauri, bawana. Yau gaskiya ta fito, an san mai gida."

Marta ta zo da kanta da tulu a ka. Ba ta ba da haƙuri ba. Ta ce ita ta ga mijinta yana ramewa ne, ta rasa abin da za ta yi, kuma kashin kajinta bai taɓa kashe barkono ba. Iliya ya ce sanya ba barkono ba ce. Ta ce to ya faɗa tun farko, ai baki gare shi.

Wasu daga cikin dashen suka ƙarasa mutuwa duk da haka. Sauran suka zubar da ganyen duka, suka tsaya tsirara har muka fid da rai, sannan suka tofo ƙanana, masu kauri, irin na farko. Da damina ta kankama Iliya ya kira mu gidansa. Ya jera gwangwanayen da suka tsira a tsakar gida, ba su kai yatsun hannu biyu ba. Ya ce ya gane kuskurensa na tara su wuri ɗaya, inda hannu ɗaya zai iya gamawa da su. Ya ware nasa, sannan ya miƙa wa Lawali ɗaya, Idrisa ɗaya, Marta ɗaya ta kai gidan ɗan'uwanta, ni ma ya ba ni ɗaya duk da ba ni cikin masu laifi.

"Kun ce kuna neman inda za ku kai godiya. Ga shi. Ku dasa, ku ba shi ruwa, in ya kama ƙasa ku sa masa tsohon kashin awaki da ya shekara, cikin tafi ɗaya, nesa da gindi. Wannan na gwada a guda biyu, bai ƙone su ba. Ban da shi kada ku ba shi komai, ko ya yi kuka."

Lawali ya ce, "Wato hukuncin shi ne mu yi rowa."

"Ka koya. Gare ku Barebari ba zai yi wuya ba."

Sanya ba ta gaggawa. Sojoji suka yi zamaninsu, aka shiga maganar jam'iyyu, jakar fatar ta daɗe da zama wayam, masu ciwo suna zuwa Iliya yana ba su haƙuri. Nawa awakina suka cinye shi a shekara ta biyu, Iliya bai kawo ƙararsu ba, wannan kuwa ya fi mini faɗa ciwo. Na Idrisa ambaliya ta tafi da shi. Na Lawali ya fi na kowa tsawo da yawan ganye, har ya wuce katanga, abin da ya sa Iliya yake dubansa da wutsiyar ido.

Da itatuwan suka yi kaurin da za a iya taɓa saiwarsu ba tare da an kashe su ba, Iliya ya zagaya ya yanko ƴar guntuwa daga gefen kowanne, ya mai da ƙasa ya rufe. Ya shanya su dabam-dabam, ya daka, ya kira ni da Lawali zauren gidansa. Ya ce mahaifinsa ba ya yarda da saiwa sai ya shaƙi garinta. In ta sa atishawa nan take, magani ce. In ba ta sa ba, itacen wuta ce.

Aka fara da ta Lawali. Iliya ya ɗiba da farce ya shaƙa, muka jira. Ya ƙara shaƙa. Atishawa ba ta zo ba.

"Lawali," in ji Iliya.

"Sau ɗaya ne a shekara nake sa masa takin," in ji Lawali. "Da sallah. Kowa yana cin daɗi, shi kaɗai zan bari?"

Iliya ya ture ƙwaryar gefe, ya jawo ta itacen da ke bayan ɗakinsa, gajere, karkatacce, wanda baƙo zai ɗauka kara ne aka kafa. Ya ɗiba kaɗan, ya kai hanci. Bai gama shaƙa ba atishawa ta kama shi, ta farko ta jefar da hularsa, ta biyu ta kori kajin Marta daga bakin zaure, sauran ban ƙidaya ba. Hawaye suna zuba, ya kasa magana, sai nuna ƙwaryar yake yi da yatsa. Lawali ya ce shi bai yarda ba sai ya gwada, ya ɗibi abin da ya fi ƙarfinsa, aka fita da shi tsakar gida ana zuba masa ruwa a ka. Marta ta leƙo ta tambaya ko a kira likita. Iliya ya share ido da hannun taguwa, ya ce a'a, ta dai nemo wanda zai tafi Dutsi, a gaya wa yayarsa Kande ta kwantar da hankalinta.

Wannan shi ne abin da na gani da idona, da abin da masu shi suka faɗa mini da bakinsu. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kuskure daga rauni na ne. Allah Ya shiryar da mu baki ɗaya zuwa ga abin da Ya yarda da shi, Ya ba mu maƙwabta na gari, Ya kuma tsare ƙasarmu daga komawar irin waɗancan shekaru.